Jana'izar Ludayi a Tizgilt

Duk Tizgilt babu wanda bai san bakin Bassu ba, amma ni na fi kowa shan wahalarsa, domin katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, kuma katangar ba ta da kauri. Ni baduku ne, rumfata tana bakin ƙofar gari. Shi kuwa Bassu sana'arsa ita ce ya zo da sassafe ya zauna min a kan fatu, ya sha shayina, ya gyara duniya. Ya taɓa yin 'yan watanni yana wanke tukwane a wani otal a Kazablanka kafin a koro shi, to tun daga ranar ba a sake yin wani abu daidai a garinmu ba. Burodinmu bai gasu ba, jakunanmu ba su iya tafiya ba, hatta rana ba ta fitowa yadda take fitowa a Kazablanka.

Abu ɗaya mai kyau da Allah ya ba shi shi ne matarsa Tuda, ita ma kuma saura ƙiris ya rasa ta. Tukunyarta ta tagulla ya huhhuda wai zai yi injin tace ruwa. Masaƙarta ya kwance ya yi wa kaji keji irin na birni, kajin suka ƙi shiga. Da abin ya ishe ta sai ta yi yaji gidan yayanta Assu, sai da dattawa suka yi ta zarya kafin ta dawo. Ta dawo ɗin ma da sharaɗi, a gaban liman ta faɗe shi: ranar da Bassu ya sake ɗora hannu a kan kayanta, ta tafi ke nan, kada wanda ya kashe takalminsa zuwa biko. Kowa ya san Tuda ba ta magana biyu. Bassu ma ya sani, ya kuma san in ba ita, ko ruwan shayi bai iya tafasawa ba.

Shekarar da nake ba ku labari ruwa ya ƙi mu. Kogi ya koma yashi, sha'ir ya ƙone tun yana tsawon yatsa. An fita sallar roƙon ruwa, sama ta yi tas kamar an share ta. Sai mata suka ce to su ma za su fito da Tagunja yadda kakanninsu suke yi: a ɗauko ludayin miya na itace, a gicciya masa sanda ta zama hannuwa, a yi masa kwalli da kayan amarya, mata su zaga gari da shi suna waƙa, kowane gida a yayyafa masa ruwa, su ƙare a bakin kogi. Liman ba ya son abin, amma matarsa na cikin masu waƙar, don haka ranar yakan sami abin karantawa a ɗaki.

Ludayin na Lalla Izza ne, tsohuwar da ke wa matan garinmu wankan gawa. Ta zo rumfata ɗinkin takalmi, ludayin yana cikin kwandonta, Bassu ya hango shi.

Ya ce, "Lalla, wannan ɗan abin ne za ku kai wa sama?"

Ta ce, "Shi ne. Ya tsone maka ido?"

"Haba! Shi ya sa ruwan da muke samu bai wuce cikin cokali ba. Kin nuna wa sama ɗan ludayi, ai ɗan ruwa za ta zuba miki. A Kazablanka na riƙe ludayin da ake wa jariri wanka a ciki. Kin taɓa jin an yi fari a Kazablanka?"

"Na ji dai an kori wani daga can."

"Hassada ce ta masu dafa abinci."

Ta ce, "Ɗana, wannan ludayin ya ciyar da marayu tun uwarka tana goye. Wanda bai taɓa shiga miya ba ai ba ludayi ba ne, itace ne. Kuma wannan harkar mata ce, ka je ka nemi ta maza, in akwai wadda za ta karɓe ka."

Ta ɗauki takalminta ta tafi. Bassu ya bi ta da kallo yana kaɗa kai, ya juyo ya ce min, "Maƙwabci, ka shirya gyaran rufin ɗakinka. Ruwan da zan sauko da shi sai ya tafi da jakuna."

A ranar ya ja akuyarsa, ita kaɗai gare shi, ya kai wa Addi masassaƙi a can ƙuryar gari a matsayin kuɗin aiki. Addi mutum ne da in ka ce ya yi maka tsani zuwa wata, tambayarsa ɗaya ce, da wane itace. Akwai kututturen wata tsohuwar bishiya da ya daɗe a tsakar gidansa, suka hau shi da gizago. Bassu yana tsaye a kansa kullum yana cewa a ƙara faɗi, a ƙara zurfi. Aka fitar da ludayi mai tsawon mutum biyu, kansa kamar kwanon wanki. Bassu da hannunsa ya zana masa idanu da baƙin tukunya, kowanne ya kai faifan burodi, ya shafa masa ja a kumatu, ya ja masa baki daga kunne zuwa kunne.

Sai maganar sutura. Babu rigar amaryar da za ta shiga wannan kai. Ranar kasuwa da safe, ranar da mata za su fito da nasu, na ga Bassu ya fito daga gida cikinsa ya yi tudu a ƙarƙashin jallabiya, wani farin gefe mai ƙyalƙyali yana leƙowa. Ban buƙaci a faɗa min ba. Mayafin auren Tuda ne, na farin ulu mai jan layi a tsakiya, wanda mahaifiyarta ta saƙa mata kafin ta rasu. A garinmu kowace mace da nata, kowa kuma ya san na kowa, don da shi ake kai ta gidan miji, da shi kuma ake lulluɓe makararta.

Na ce, "Bassu, mai da shi."

Ya ce, "Tana gidan Lalla Izza tun da asuba, suna can suna wa ɗan cokalinsu kwalliya. Kafin ta dawo na mayar."

"In ta gani fa?"

"In ta gani a cikin ruwan sama za ta gani. Wace mace ce za ta yi yaji ana sheƙa ruwa, gari na tafa wa mijinta?"

Na fasa buɗe rumfa na bi shi, don irin wannan kallo ba kullum ake samu ba.

Ya ɗauko 'yan dako huɗu. Dabararsa ita ce a fito da ludayin a tsaye, a bi lungu da shi har bakin ƙofar gari inda kasuwa ke ci, a dasa shi a tsakiyar fili kafin mata su iso, su zo su tarar an riga su. Abin da ya manta, shi da aka haifa a cikinsu, shi ne lungunanmu rufaffu ne, an shimfiɗa azara a sama an gina ɗakuna. Ana ɗaga ludayin kansa ya daki azara, ƙasa ta zubo wa kowa a wuya, wata mata daga ɗakin sama ta leƙo ta tsine wa wanda ke rushe mata gida har kakansa na bakwai.

Bassu ya ce, "A kwantar da shi. A Kazablanka ma a kwance ake ɗaukar manyan kaya."

Aka kwantar. Hannuwan da aka gicciya masa suka riƙe katanga hagu da dama, aka cire su aka jefar. Aka yi gaba har kwanar farko, ludayi ya ce ba inda za shi. Aka tura, aka ja, aka karkata, wani ɗan dako ya matse a jikin bango har ya kira sunan uwarsa.

Babban cikinsu ya ce, "Maigida, ko dai a rushe gidan nan, ko a rage wutsiyar nan. Zaɓi ɗaya, kafaɗarmu ba ta haya ba ce har dare."

Bassu ya ce, "Daman na sa an yi shi da tsawo ne don a sami na ragewa. Addi, kawo zarto."

Addi ya yanke kamu uku. Aka wuce. A kwana ta biyu, wadda ta fi ta farko matsi, aka sake tsayawa, Addi ya sake yanka, bai ko tambaya ba. Kafin a kai kwanar masallaci ludayin da ya fi mutum biyu ya dawo tsawon doguwar mace. Ga shi kuma yana mirginawa a kafaɗa don kansa zagaye ne, sai Addi ya koma ya ɗauko wani tsohon ƙyauren ƙofa, aka ɗora shi a kai. Bassu ya warware mayafin Tuda ya lulluɓe shi ruf daga kai har ƙafa, ya cusa gefunan a ƙasa, wai kada ƙura ta ɓata kwalliya, kada kuma wani ya ga fuskar kafin ya buɗe ta da hannunsa a gaban jama'a.

Na dubi abin nan a kafaɗar mutum huɗu, na ce, "Bassu, ka kuwa ga abin da wannan ya yi kama da shi?"

Ya ce, "Na gani. Nasara."

Itacen nan ɗanye ne a ciki, nauyinsa ba a magana. 'Yan dako suka fara abin da mutanenmu ke yi in kaya ya danne su, na gaba su ce la'ilaha illallahu, na baya su amsa. Haka suka fito daga duhun ƙofar gari suka faɗo cikin kasuwa, Bassu a bayansu, ƙasa a ka, ido ja saboda ƙura.

Kasuwa ta yi tsit. Mahauci ya ajiye wuƙa. Mai dabino ya bar mudu a cikin buhu. Wani ya ce, "Inna lillahi! Mayafin Tuda ne!" Shi ke nan.

Kun san mu da makara. Ba a tambayar wane ne sai an sa kafaɗa, kowa ya ɗauka ya yi 'yan taku ya ba na bayansa, kowa na neman ladansa da gudu. Kafin ka ce me, maza sun rufe ƙyauren. 'Yan dako suka ji nauyi ya bar kafaɗarsu, suka dubi juna, suka sulale ta bayan masu gishiri, ban sake ganinsu ba ranar. Addi kuwa daman ya koma gida wajen akuyarsa. Makara ta juya ta nufi hanyar maƙabarta da saurin nan da ake yi in rana ta yi zafi.

Bassu ya bi su a guje yana ihu, "Ku tsaya! Ku sauke! Ba can ba!"

Mutum biyu suka riƙe shi. "Haƙuri, Bassu, haƙuri. Kowa can za shi."

"Ku sake ni, ba ku gane ba!"

"Mun gane, wallahi mun gane. Ni ma da tawa ta rasu haka na yi."

Ni kuwa dariya ta ci ƙarfina, na kama mahauci ina ƙoƙarin yi masa bayani, ban kai ga kalma ta biyu ba ya make ni a ƙeya. Ya ce, "Maƙwabciyarka ce fa, marar tsoron Allah! Ana ɗauke da ita kana washe baki?" Ya ture ni ya je ya sa kafaɗarsa.

A hanya ina jin masu sauke kafaɗa suna magana ƙasa-ƙasa.

"Allah ya jiƙanta, ashe haka take da nauyi."

"Wajen kan ne ya fi. Kumburi ne."

"Ai na ga alama tun makon jiya, fuskarta ta canza."

"Baƙin cikin mijin nan ne ya kashe ta, ba wani kumburi."

"Yi shiru, ga shi nan."

A bakin maƙabarta Bassu ya ƙwace, ya sha gaban makara, ya ɗaga hannu biyu. Na ce to, yanzu zai faɗa, a yi masa dariyar yini ɗaya a wuce wurin. Ya buɗe baki ke nan sai ga mai gari Si Zayid ya ratso jama'a. Si Zayid bai taɓa amsa sallamar Bassu da fiye da ɗaga gira ba. Ranar kuwa ya ware hannu ya rungume shi a ƙirji, ya ce, "Ɗan'uwana! Ɗan'uwana Bassu! Allah ya ba ka haƙuri. Yau duk Tizgilt naka ne."

Aka shimfiɗa masa darduma a inuwar katanga. Aka zaunar da shi a dama da mai gari. Wani ya cire rawaninsa yana masa fifita. Manyan gari suka jeru suna sumbatar kansa ɗaya bayan ɗaya. Ina kallon fuskar Bassu, na ga lokacin da abin ya shige shi. Tun da aka haife shi bai taɓa ganin gari guda ya yi shiru yana jiran abin da zai faɗa ba. Ya dubi makara, ya dubi mutane, ya sunkuyar da kai ya ce, "Hukuncin Allah ne."

Dariyata ta tsaya a nan. Na durƙusa kusa da shi kamar mai gaisuwa, na ce a kunnensa, "Kai, ka haukace? Faɗa musu!"

Ya taka min ƙafa da dugadugi. Ya ce cikin raɗa, "A gaban Si Zayid? Bayan ya rungume ni? Bari a binne, gobe na tono."

"Tuda fa? Tana nan da ranta tana yawo a gari!"

"Sai in ce doguwar suma ta yi, na yi addu'a ta tashi. Ka ga an sami abu biyu ke nan."

Na ce, "Allah ya shirye ka." Ya amsa da ƙarfi, "Amin, amin, na gode maƙwabci," wai gaisuwa na yi masa.

Matasa suka hau haƙa, ƙasa ta bushe kamar dutse, suna yi suna haki. Liman ya iso da sauri yana gyara rawani, ya ce, "Yaushe abin ya faru, ban ji ba? An yi mata wanka?"

Bassu ya ce, "An yi komai, Si liman."

"Lalla Izza?"

"Ita da kanta."

Sai ga Assu, yayan Tuda, ya taho daga gona ba takalmi, yana kuka kamar yaro. Ƙato ne Assu, mutumin da ke ɗaga jaki in ya faɗa rami, ganinsa a haka ya sa har masu haƙa suka tsaya. Ya faɗi a gaban makara yana cewa, "Da safe fa na gan ta! Ta ce min in gaida yara! Ku bari in ga fuskarta, ƙanwata ce, ni na goya ta."

Ya kai hannu ga mayafi. Bassu ya yi tsalle ya faɗa a kai ya danne da ƙirji. "A'a, Dadda Assu! Wasiyyarta ce! Ta ce kada kowa ya buɗe ta."

"Har ni?"

"Kai ta fara ambata."

Assu ya koma ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Ni dai a wannan lokacin da ina da ƙarfinsa da na jefa Bassu cikin ramin da ake haƙa.

Hanyar kogi ta bayan katangar maƙabarta ta bi. Can sai muka ji guɗa da tafi, mata sun gama zaga gari sun taho da Tagunjarsu, Lalla Izza a gaba ta ɗaga ɗan ludayinta cikin jan gyale. Wani dattijo da ke bakin katanga ya daka musu tsawa, kansa a ƙasa don ba ya kallon matan mutane. "Ku ji tsoron Allah! Guɗa ana jana'iza? Tuda matar Bassu ake binnewa!"

Guɗa ta yanke kamar an sa wuƙa. Matan suka juya gaba ɗaya suka dubi wata a tsakiyarsu. Ita kuwa ta ɗaga musu hannu su yi shiru, ta ja baƙin lulluɓinta ta rufe fuska, ta matso jikin katanga ta tsaya. Ni kaɗai na lura, don ni kaɗai nake duban wajen. Na yi wa Bassu alama da ido, na yi tari, na jefa masa tsakuwa. Ina! Si Zayid ya riga ya tambaye shi yadda ta cika, Bassu kuma ya miƙe tsaye don na baya su ji.

Ya ce, "A hannuna ta cika, jama'a. Kanta a nan, a kan wannan cinyar. Na kawo mata magani irin na Kazablanka, ta ce bar shi, Bassu, lokaci ya yi. Ta riƙe hannuna ta ce, ka yafe min, na yi maka rashin kunya a kan tukunya, ashe kai ne da gaskiya. Na ce na yafe, Tuda, mace ai sai da haƙuri. Ta ce masaƙar ma, kajin ne ba su da hankali. Maganarta ta ƙarshe kuwa, ta ce, a faɗa wa mutanen Tizgilt ba su san darajar mutumin da Allah ya ba su ba."

Mahauci ya fashe da kuka. Si Zayid ya share ido da gefen rawani.

Daga bayan katanga wata murya ta ce, "Ni na faɗi haka?"

Ta yaye lulluɓi.

Ban taɓa sanin tsofaffin garinmu suna da gudu ba sai ranar. Mai dabino ya tsallake kabari biyu a tsalle ɗaya. Wanda ke cikin rami ya kwanta a ciki ya rufe ido. Liman ya tsaya, amma bakinsa na karanta abin da shi ma bai san farkonsa ba. Tuda ta zagayo ta ƙofa ta shigo, duk da mata ba sa shiga ana binnewa, ba wanda ya ce mata kanzil. Ta wuce mijinta kamar ba ta gan shi ba, ta kama gefen mayafinta ta fizge.

Ga shi nan kwance a kan ƙyaure, idanu kamar faifai, kumatu ja, yana wa sama murmushi.

Maƙabarta ta kece da dariya.

Mahauci ya ce, "Ludayi? Na bar nama ƙudaje na ci na ɗauki ludayi? Har sau uku na sa kafaɗa!" Ya juya ga liman. "Si liman, tsakani da Allah, ina da lada ko babu?"

Liman ya ce, "Allah yana duba niyya. Amma kada ka faɗa wa mutanen wani gari."

Wani ya ce, "Ina wanda ya ga kumburi tun makon jiya?" Aka neme shi aka rasa.

Lalla Izza ta leƙo ta kan katanga ta ce, "An ce ni na wanke wannan? Bassu, ko kwanon gidanka ba zan wanke ba, balle ƙaryarka."

Si Zayid ya miƙe yana kakkaɓe ƙirjinsa daidai inda ya rungume shi. Ya ce, "A shekarar da babu ruwa ka sa na zubar da hawaye a banza. Tashi min daga darduma."

Kuna tsammani ya yi shiru? Ya gyara jallabiya ya ce, "To ai ga shi kun gani da idonku. Da ba a rage shi ba ma ya ninka haka. Ku dubi sassaƙa, ku dubi zurfi. Da kun bar ni na kai shi fili..." Assu ya miƙe tsaye, hawaye bai bushe a gemunsa ba, Bassu ya haɗiye sauran maganar ya koma bayan liman.

Tuda ce kaɗai ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta kakkaɓe mayafin ta ninke shi a hankali, ta ɗora a kai. Ta ce, "Dadda, bar shi, kada ka ɓata hannunka." Sannan ta dubi mijinta. "Mayafi ana wanke shi, Bassu. Da shi kaɗai ne, wataƙila da na yi fushin wata guda na huce, duk da rantsuwata. Amma ka ga yayana yana birgima a ƙasa, kalma ɗaya za ta tashe shi, ka hana shi ita don kada a yi maka dariya. Aka ce maka na mutu, ka zauna a darduma ana maka fifita."

Ya ce, "Tuda, ba ki gane tsarin ba ne. Gobe ai da kin tashi."

Ta ce, "Share fuskarka, Dadda, mu je gida."

Suka fita. Matan suka buɗe musu hanya, suka rufa musu baya, ɗan ludayin Lalla Izza na tafe a sama cikin jan gyalensa. Maza suka watse suna tsaki, kowa ya koma ga kayansa. Masu haƙa suka jefa wa Bassu shebur suka ce ramin nan shi ya sa aka buɗe, shi zai cike shi. Na bar shi a can shi da abin sassaƙarsa.

Da la'asar ya zo rumfata, ƙasa har gira, ya ce in raka shi gidan Assu. Na ce dattawa ma an ce kada su je. Ya ce ai shi ya san mata, in ya yi mata magana biyu masu daɗi irin na birni, da kanta za ta ɗauko kayanta. Na bi shi, ba don ina tsammanin wani abu ba.

Ya ƙwanƙwasa. Shiru. Ya sake, ya kira sunanta, ya kira ta da sunan da yake kiranta suna amare. A karo na uku muryarsa ta canza, babu Kazablanka a cikinta ko kaɗan. Ya ce, "Tuda, don Allah. Gidan ba kowa."

Muka ji taku ya zo bayan ƙofa ya tsaya. Ba a zare sakata ba.

Ta ce, "Wa kake nema, bawan Allah?"

"Matata nake nema."

Ta ce, "Ayya. Ai ta rasu ɗazu da hantsi, a kan cinyarka. Allah ya ba ka haƙuri."